Wasan Labari a Kan Tebur: Daga Ina Abubuwan Mamakinsa Suke Fitowa?

Wanda ya kalli shirin Stranger Things, wanda Netflix ta fara nunawa a 2016, zai tuna yadda aka buɗe shi: yara huɗu a ɗakin ƙasa na wani gida a Amurka sun kewaye tebur, ɗaya yana ba da labarin wani dodo, sauran suna ta ihu, sai ga wata 'yar ƙwaya ta gangara ƙasa kowa ya duƙa nemanta. Wasan da suke yi shi ne Dungeons & Dragons. Tun daga lokacin, labaran da masu yin wannan wasa ke bayarwa sun ƙara bazuwa, kuma duk wanda ya ji su ba tare da sanin tushensu ba dole ya ɗaure fuska. Mutum mai hankalinsa zai ce maka jiya ya mutu, abokansa suka tashe shi. Ko ya ce ya yaudari mayya da ɗan biredi mai zaƙi. Wasu sun ɗauka wasan kwamfuta ne, wasu sun ce caca ce, wasu kuma sun kai shi har ga tsafi. Wannan ruɗani ba sabo ba ne, ya taɓa girgiza Amurka kanta, kuma yana da kyau a warware shi daga tushe.

Mene ne wasan, kuma su wa ke zaune a teburin

Wasa ne na haɗa labari da baki. Mutum huɗu ko biyar sukan zauna, kowa ya ƙirƙiri jarumi ɗaya da zai riƙa magana da yawunsa: mayaƙi, ɓarawo, mai warkarwa, ko masanin sihiri irin na almara. Ana rubuta siffofin jarumin a takarda da lambobi, wato ƙarfinsa, saurinsa, kaifin basirarsa, da yawan raunin da zai iya ɗauka kafin ya faɗi. Mutum ɗaya ba ya riƙe jarumi. Shi ne jagoran wasa, wanda a Dungeons & Dragons ake kira Dungeon Master. Shi ke bayyana wuri, shi ke magana a madadin sarki da ɗan kasuwa da dodo, shi kuma ke yanke hukunci idan an yi saɓani.

Jagora zai ce, "Kun iso bakin wata gada, rabinta ya rushe, kuma akwai hayaƙi a ƙetare. Me za ku yi?" Wani ya ce zai yi tsalle. A nan ne ake ɗauko dayis, wato irin ƙwayar nan mai lambobi da ake jefawa a wasan ludo, sai dai ta wannan wasa ba mai fuska shida kaɗai ba ce. Akwai mai fuska huɗu, shida, takwas, goma, goma sha biyu, da kuma babbarsu mai fuska ashirin. Ɗan wasa ya jefa, a haɗa abin da ya fito da lambar da ke takardarsa, idan jimlar ta kai abin da jagora ya gindaya, jarumi ya tsallake. Idan ba ta kai ba, ya rufta, labari kuma ya ci gaba daga ƙasan gadar.

Babu wanda ke cin wani. Ba a tashi da zakara, kuma labari ɗaya na iya ɗaukar wata da watanni ana haɗuwa mako-mako. Wani malamin tarihi a jami'ar Western Ontario ta Kanada, Robert Wardhaugh, ya fara nasa a 1982 kuma ya ci gaba da shi shekaru arba'in da ɗoriya. Ya kamata a sani kuma cewa Dungeons & Dragons ɗaya ne cikin ɗaruruwa. Akwai Call of Cthulhu na labaran ban tsoro, wanda ya fito a 1981, akwai Traveller na tafiya sararin samaniya, na 1977, akwai masu yawa da babu ko ƙamshin sihiri a cikinsu.

Asalin abin

Kakan wannan wasa horon soja ne. A 1824 rundunar Farusiya, ɗaya daga cikin daulolin da suka zama Jamus, ta karɓi wani wasan yaƙi a kan taswira da ake kira Kriegsspiel, inda hafsoshi ke ba da umarni, wani alƙali kuma ya faɗi sakamakon da umarnin ya haifar. Daga baya fararen hula suka mayar da irin wannan abin sha'awa, suna jera 'yan mutum-mutumin sojoji a kan tebur.

A ƙarshen shekarun 1960, a jihar Minnesota, wani matashi mai suna David Wesely ya gwada wani abu dabam. Maimakon ya ba kowa runduna, sai ya ba kowa mutum ɗaya a wani gari na ƙirƙira mai suna Braunstein: wannan magajin gari, wancan ma'aikacin banki, wancan shugaban jami'a. Ya yi zaton za su ɗan yi shiri ne kafin a fara yaƙi. Yaƙin bai samu ba. 'Yan wasa suka shiga ƙulla yarjejeniya da cin amanar juna, har biyu daga cikinsu suka ƙalubalanci juna da fito-na-fito, abin da babu dokarsa a takardar Wesely, dole ya ƙirƙiro ta nan take. Shi ya tashi yana ganin abin ya lalace, su kuwa suka matsa masa a sake.

A wani zama na gaba, wanda aka kafa a wata ƙasar Latin Amurka ta ƙirƙira da ke gab da juyin mulki, an ba Dave Arneson ƙaramin matsayi: ɗan gwagwarmaya mai raba takardun farfaganda. Sai ya shawo kan sauran cewa shi jami'in leƙen asirin Amurka ne, ya kwashe baitulmalin ƙasar, ya tsere a jirgi mai saukar ungulu yana watso takardunsa daga sama. Wannan Arneson ne ya ɗauki tsarin ya kai shi duniyar almara da ya kira Blackmoor, sannan ya haɗa kai da Gary Gygax na garin Lake Geneva a jihar Wisconsin. A 1974 kamfanin TSR ya buga Dungeons & Dragons, kwafi 1,000 a bugun farko. Abin lura a wannan tarihi shi ne, tun kafin wasan ya sami suna, abin da ya ja mutane gare shi shi ne lokacin da ɗan wasa ya yi abin da mai shirin bai taɓa kawowa a ransa ba.

Ƙwayar da ba ta jin magana

Dayis mai fuska ashirin yana ba kowace lamba dama iri ɗaya, kashi 5 cikin 100. Idan 20 ta fito a lokacin kai hari, dokar bugun 2014 ta ce harin ya samu ko da abokin gaba ya fi ƙarfin mai harin, kuma raunin ya ƙaru. Idan 1 ta fito, an kuskure ko da gwani ne. A zama ɗaya na awa huɗu ana iya jefa wannan ƙwaya sau da dama, don haka 20 da 1 ba baƙi ba ne. Abin da ke mayar da su labari shi ne lokacin da suka zo. Jarumin da aka yi shekara ana ginawa ya tsaya gaban babban maƙiyi, kowa ya yi tsit, sai 1 ta fito. Ko kuma mafi rauni a tawagar, wanda saura ƙiris ya faɗi, ya jefa 20.

Haka dokar mutuwa take. Jarumin da ya faɗi ba ya mutuwa nan take. Kowane zagaye mai shi zai jefa dayis, nasara uku ya tsira, faɗuwa uku ya tafi. Lamba 1 tana cin faɗuwa biyu, 20 kuma tana tashe shi a take. Wanda ya fahimci wannan zai gane dalilin da ya sa manya masu iyali ke miƙewa tsaye su leƙa tsakiyar tebur saboda 'yar ƙwayar roba.

Dabarar da jagora bai shirya mata ba

Amma dayis kaɗai ba ya isa. Labaran da suka fi daɗewa a bakin mutane na abin da ɗan wasa ya zaɓa ne da kansa.

Shirin Critical Role, wanda wasu ƙwararrun masu sanya murya a fina-finan zane suka fara watsawa kai tsaye a 2015 ƙarƙashin jagorancin Matthew Mercer, ya bar misalai biyu da ake yawan ambato. A 2020, tawagar ta je wurin wata tsohuwar mayya don a cire la'anar da ke kan ɗaya daga cikinsu. Mayyar ba ta karɓar kuɗi, baƙin cikin mutum take so. Kowa ya shiga yana tayin abin da zai sadaukar. Da aka zo kan jarumar Laura Bailey, mai suna Jester, sai ta yi tayin hannayenta biyu, ita da take mai zane ce, ta kuma roƙi mayyar su raba ɗan kek ɗinta na ƙarshe kafin a yanke. Sai da mayyar ta ci, sannan Bailey ta sanar cewa ta barbaɗa masa wani gari da ta daɗe tana ajiye da shi, wanda ke raunana tsayuwar hankali, ta kuma bi da sihirin da ke sauya abin da mutum ke tunawa. Mercer ya jefa dayis a madadin mayyar, bai kai ba. Mayyar ta cire la'anar a matsayin alheri ga ƙawa. Abin da ya ba wannan lokaci nauyi shi ne, jagoran da kansa bai ga zuwansa ba, kuma da ya gani bai nemi hanyar soke shi ba.

Na biyun akasin haka ne. A 2017 jarumar Marisha Ray, Keyleth, wadda ta riga ta yi ƙarfi ƙwarai, ta diro daga kan wani dogon dutse a bakin teku, ta rikiɗa ta zama ɗan ƙaramin kifi a tsakiyar iska, ta faɗa kan duwatsu ta mutu. Babu maƙiyi a wurin, babu tarko. An dawo da ita da rai daga baya, amma labarin bai gushe ba.

Akwai kuma tsohon labarin Kan Vecna, wanda ya daɗe yana yawo tsakanin masu wasan. A cikin littattafan wasan tun 1976 akwai Hannun Vecna da Idon Vecna, gaɓoɓin wani mugun matsafi na almara. Jarumin da ke son ƙarfinsu sai ya cire nasa hannun ko idon ya maye da su. Yadda ake ba da labarin, wani jagora yana da tawaga biyu masu gaba da juna. Ta farko ta samo wani kai na gawa, ta ɓoye shi a wuri mai tarkuna, ta baza jita-jitar cewa an gano Kan Vecna. Tawaga ta biyu ta sha wuya ta same shi, suka yi ta gardama kan wa zai ci moriyarsa. Aka fille kan jarumi ɗaya aka ɗora, bai tashi ba. Suka yanke cewa jinkiri aka yi wajen ɗorawa, aka fille na biyu. Duk wannan a baki da takarda ne, kuma abin da ya sa ake dariyarsa har yau shi ne, mutanen sun bi ƙa'idar duniyar wasan daidai, kwaɗayi ne ya hana su tsayawa su yi tambaya ɗaya.

Wani lokaci kuma mai tsara labarin ne ke haƙa ramin da gangan. Gygax ya kai wani labarin wasa mai suna Tomb of Horrors taron 'yan wasa na Origins a 1975, aka buga shi a 1978, kuma ya gina shi ne don ya gwada 'yan wasan da ke taƙama da ƙwarewa. A ƙarshen wani zaure akwai sassaƙen fuskar shaiɗan mai launin kore, bakinta a buɗe, ciki baƙi ƙirin. Duk abin da ya shiga ya hallaka. Tawagogi da dama sun ɗauka ƙofa ce.

Idan labarin ya fita daga tebur

Masu wasan suna ba da waɗannan labarai da bakin "ni": na sare shi, na mutu, na kira aljani. A teburin kowa ya san jarumin takarda ake nufi. Uwar da ta ji ta bayan ƙofa ba ta da wannan sani, kuma tsoronta ba abin raini ba ne.

A watan Agusta na 1979 wani ɗalibi ɗan shekara 16 a jami'ar jihar Michigan, James Dallas Egbert III, ya ɓace. Mai binciken da iyayensa suka ɗauka, William Dear, ya kawo zaton cewa yaron ya ɓata ne a ramukan bututun tururi da ke ƙarƙashin jami'ar yana yin wasan a zahiri. Jaridu suka ɗauka. Bayan kimanin wata ɗaya aka same shi da rai, nesa da jami'ar. Yaro ne da ke fama da matsananciyar damuwa da matsin karatu, kuma ya kashe kansa a 1980. A littafin da Dear ya fitar a 1984 ya nuna cewa ba wasan ne ya sa shi gudu ba, amma kafin nan zancen ya riga ya zauna: marubuciya Rona Jaffe ta fitar da ƙagaggen labari mai suna Mazes and Monsters a 1981, aka mayar da shi fim ɗin talabijin a 1982 da Tom Hanks a ciki.

A 1982 ɗan wata mata a jihar Virginia, Patricia Pulling, ya kashe kansa. Ta yi imani cewa wata la'ana da aka ɗora wa jaruminsa a wasan ce sanadi. Ta shigar da ƙara a kan shugaban makarantarsa da kuma TSR, kotu ta yi watsi da ƙararrakin, ita kuma ta kafa ƙungiyar Bothered About Dungeons and Dragons a 1983, ta yi ta yawo tana faɗakar da iyaye da 'yan sanda. A 1985 shirin 60 Minutes na tashar CBS ya kawo ta tare da Gygax. Ba a taɓa tabbatar da cewa wasan na jawo kisan kai ba, amma matsin ya yi tasiri: a bugu na biyu na 1989 kamfanin ya cire sunayen shaiɗanu daga littattafansa, daga baya ya ba waɗannan halittu sunaye na ƙirƙira. Baƙin cikin waɗannan iyaye na gaske ne. Abin takaici shi ne, yatsan da aka nuna wa wasan ya kawar da ido daga ciwon damuwa da ke cin yaran, wanda shi ne ya fi buƙatar a duba.

Inda masu wasan kansu suka saba

Ba duka masu wasan ke kallon waɗannan lokuta da ido ɗaya ba. Jagora yakan jefa dayis a bayan wani ɗan allon kwali da ke kare takardunsa. Idan lambar da ta fito za ta kashe jarumin wani a wuri mara ma'ana, ya halatta ya faɗi wata lamba dabam? Wasu sun ce aikinsa shi ne kowa ya tashi da farin ciki, don haka ɗan sassauci ba laifi ba ne. Wasu sun ce ranar da 'yan wasa suka gane ana sassauta masu, duk nasarar da suka taɓa samu ta zama abin shakka. Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Da Mercer ya sauya lambar mayyar, ko ya taimaki Bailey ko ya hana ta, da babu wanda zai tuna da ranar.

Sai kuma batun abin da ya wuce gona da iri. Ba kowane abin da ba a mantawa ba ne mai daɗi. Tun da babu rubutacciyar iyaka ga abin da mutum zai ce jaruminsa ya yi, wani na iya kawo azabtarwa ko cin zarafi a teburin da ke da wanda ya taɓa fuskantar irinsa a rayuwa. Shi ya sa tebura da yawa yanzu sukan ware zama na farko don a amince kan abin da ba za a taɓo ba. Wasu kuma suna ajiye kati mai alamar X, wanda John Stavropoulos ya tsara. Duk wanda ya taɓa shi, a bar zancen ba tare da an tambaye shi dalili ba. Akwai tsofaffin 'yan wasa da ke ganin wannan yana rage armashi, amma da wuya a ga abin da aka rasa idan an kare mutum ɗaya daga tashi da ƙunci.

Tambayar caca da tsafi

Mai karatu Bahaushe zai so a amsa waɗannan biyu kai tsaye. A tsarin wasan babu zuba kuɗi, babu wanda ke tashi da na wani. Dayis yana yanke abin da ya faru a labari ne kawai. Sihirin da ke ciki kuwa shafi ne da ke cewa a jefa ƙwaya kaza a rage lamba kaza, babu abin da ake karantawa ko yankawa ko bauta wa. Matsayinsa bai wuce na dodon da ke cikin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba. Duk da haka, malaman Musulunci sun daɗe suna magana a kan wasa da dayis saboda hadisan da suka zo game da wasan nardu, kuma sun yi saɓani kan ko hanin ya shafi duk wasan da ke amfani da ƙwayar ko da babu kuɗi. Haka nan wasu labaran suna da gumaka da alloli na ƙirƙira da mai addini, Musulmi ko Kirista, zai iya ƙyama. Waɗannan tambayoyi ne na gaskiya da mutum zai kai wa malaminsa, kuma zai fi samun amsa mai amfani idan ya bayyana wasan yadda yake. Akwai ma wasannin wannan iri da ba sa amfani da dayis ko kaɗan.

Abin da yaɗuwarsa ke jawowa

Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, Hasbro kuma ya sayi Wizards a 1999, don haka wasan da aka fara a ɗakunan ƙasa yanzu yana hannun babban kamfanin kayan wasa. A 2019 masu kallon Critical Role sun tara fiye da dala miliyan 11 ta shafin tara gudummawa na Kickstarter don a mayar da labarin fim ɗin zane, wanda ya fara fitowa a Amazon a 2022. Wannan ya kawo sababbin 'yan wasa masu yawa, ya kuma kawo matsala: wanda ya saba ganin zaɓaɓɓun mintuna biyar daga zaman ƙwararru na awa huɗu yakan zo teburin abokinsa yana jiran irinsu kowane mako, jagoran da ke koyo kuma ya ji ya gaza. Mafi yawan zama tafiya ce da ciniki da gardamar wace ƙofa za a buɗe.

Wasu masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa da malaman makaranta a Amurka da Ingila suna amfani da wasan don koya wa yara masu jin kunya magana da haɗin kai. Hukumomi kuwa ba duka suka sake jiki da shi ba: a 2010 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta amince da haramta shi a wani gidan yari na Wisconsin, bisa hujjar jami'an gidan cewa tsarin jagora da mabiya na iya kama da na gungun masu laifi. Jihar ce kuwa da aka fara buga shi shekaru 36 kafin nan.